Cat Stevens: faifan da ya fito daga gadon jinya

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 1970 ne kamfanin Island na birnin Landan ya fitar da wani faifai mai waƙoƙi 11, mai suna Tea for the Tillerman, wato shayin matuƙin jirgi. Mai faifan saurayi ne ɗan shekara 22, Cat Stevens, wanda musulmi suka fi sani da Yusuf Islam. Mutane da dama na ɗauka rayuwarsa kashi biyu ce, ta mawaƙi da ta mai ibada, kuma babu abin da ya haɗa su. Amma wanda ya saurari faifan nan da kunnen basira zai tarar da tambayoyin da suka kai shi ƙofar masallaci a 1977 suna ciki tun shekara bakwai kafin haka.

Sunansa na asali Steven Demetre Georgiou, an haife shi a Landan ranar 21 ga watan Yuli 1948. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Kubrus, mahaifiyarsa ƴar ƙasar Suwidin, suna da gidan sayar da abinci a tsakiyar birnin. Ɗaukaka ta zo masa da wuri, don yana da shekara 18 waƙarsa Matthew and Son ta hau mataki na biyu a Ingila. Sai dai faifansa na biyu bai samu kasuwa ba, kuma ba a jima ba tarin fuka ya kama shi, har ya kai shi bakin kabari. Ya yi watanni kwance asibiti a garin Midhurst, sannan ya share kusan shekara yana farfaɗowa. A wannan zaman kaɗaici ne ya shiga karatun addinai da tunanin mutuwa, ya kuma tsara waƙoƙi wajen 40.

Da ya samu lafiya, sai ya yi watsi da tarin makaɗa da ƙahoni da aka saba lulluɓe muryarsa da su. Ya haɗu da Paul Samwell-Smith, tsohon ɗan ƙungiyar Yardbirds, wanda ya shirya ɗaukar faifan, da kuma makaɗin jita Alun Davies. Suka zaɓi salon da ake kira rok mai taushi, inda ake sassauta ganga da ƙarar lantarki, a bar jitar katako da fiyano su raka murya, don kalma ta fito fili. Gwajin farko shi ne faifan Mona Bone Jakon na watan Afrilu 1970, wanda waƙarsa Lady D'Arbanville ta yi farin jini ƙwarai a Faransa. Wata bakwai bayan haka Tea for the Tillerman ya biyo, da zanen bangon da mawaƙin ya yi da hannunsa.

Waƙar da ta buɗe faifan tana duban manyan hanyoyi da dogayen benaye da jiragen sama, tana neman sanin wurin da aka rage wa yara. Wasu kuma na magana a kan matafiyin da ya bar gida don neman gaskiya, da ma'aikacin da ake ce wa ya yi haƙuri alhali bai san ko zai kai gobe ba. Wild World, wadda mawaƙin Jamaika Jimmy Cliff ya rera a shekarar, ban-kwana ce da masoyiya, haɗe da gargaɗi game da halin duniya.

Amma zuciyar faifan ita ce Father and Son. Asalinta an tsara ta ne don wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha, wanda ba a kai ga yi ba. Uba na roƙon ɗansa ya natsu, ya yi aure, ya zauna. Ɗan kuwa ya ƙudurta tafiya, don a ganinsa ba a taɓa sauraronsa ba. Cat Stevens shi kaɗai ya ɗauki muryoyin biyu, ta uban a ƙasa, ta ɗan a sama, kuma bai ɗora wa kowa laifi ba. Shi ya sa dattijo ke jin ta tasa ce, matashi ma haka.

Faifan ya kai mataki na 8 a Amurka, inda aka sayar da fiye da miliyan 3. Duk da haka mai shi bai samu kwanciyar rai ba. Bayan teku ya kusa cinye shi a Malibu, yayansa David ya ba shi fassarar Alƙur'ani, ya musulunta a watan Disamba 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978. Ya jingine jita, ya buɗe makarantar Islamiyya a Landan a 1983, bai sake fitar da faifai irin na da ba sai a 2006.

A shekara ta 2020, yana da shekara 72, ya fitar da sabon faifai da ya sake ɗaukar waƙoƙin nan 11 gaba ɗaya a cikinsa. Da aka zo kan Father and Son, sai ya rera baitocin uban da muryarsa ta tsufa, aka ɗauko muryarsa ta 1970 ta amsa a matsayin ɗan. Dattijon da ya sami abin da yake nema bai kori yaron da ya fita nema ba, ya zaunar da shi kusa da shi, suka ƙarasa zancen da suka faro shekara 50 da suka wuce.