Sashen kwamfuta: yadda za a nuna wa mai gida inda kuɗinsa suke shiga

A kamfanoni da dama na Yamai, Maraɗi da Damagaram, ba a tuna ma'aikatan sashen kwamfuta sai ranar da intanet ta yanke. Sauran kwanaki kuwa, darakta kallon masu cin kasafi yake musu, don kullum buƙata suke kawowa: sabon inji, batura, kuɗin lasisi.

Rabin laifin na masu sashen ne. Injiniya yakan shiga ofishin mai gida da sunayen na'urori cikin Faransanci, alhali shi mai gida abu uku ne a ransa: nawa aka samu, nawa aka yi asara, kuma mai saye ya dawo ko bai dawo ba.

A ɗauki misalin kamfanin sufuri. A ce tasharsa na sayar da tikiti 60 a awa guda, kowane jaka 10. In na'urar sayarwa ta tsaya awa uku, cinikin jaka 1.800 ne ya shiga haɗari, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas na sefa, domin fasinja ba ya jira, tashar gaba yake wucewa. Injiniyan da ya aza wannan lissafi kusa da farashin batura da layin intanet na biyu bai buƙatar dogon jawabi.

Ba a rasa shaida ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, masu hasken rana da batura sun ci gaba da aiki, wasu na zaman jiran wuta. A watan Maris na 2024 kuma, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma.

Akwai kuma aikin da hukuma ta wajabta. Ofishin haraji, DGI, na neman rasit mai shaida, wanda sai da na'ura ko manhajar da aka amince da ita ake fitar da shi, kuma ta tsarin SYDONIA ake shigar da takardun kaya a duwan. Kwana guda na jinkiri kan sa mota ta kwana da kaya.

Abin da ya fi wuyar nunawa shi ne masifar da ba ta faru ba, kamar ajiye kwafin littafin bashi. A nan tambaya ɗaya ta isa a yi wa mai gida: in kwamfutar akanta ta ƙone yau, wa ya san nawa yake bin ƴan kasuwa?