Kafin Ka Sayi Jirgin Shaƙatawa Ka Ajiye a Ƙasar Waje

A 'yan shekarun nan hotunan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska sun cika YouTube da Instagram: mutum zaune a bakin jirgi, ruwa shuɗi shar, tsibiran Girka a bayansa. Dillalai kuma sun iya baki. Su ce ka sayi jirgi na hannu mai tsawon mita 11 ko 12, ka ajiye shi a wata tasha a Girka ko Turkiyya ko Kuroshiya, duk shekara ka je ka yi wata ɗaya ko biyu kana yawo a teku, sauran lokaci jirgin na nan yana jiranka. Wannan talla ta fara kai wa ga 'yan uwanmu da ke aiki a Turai da Amurka, har da wasu masu hali a nan gida. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne, jirgin zai shafe wata goma ba ya ganin mai shi, kuma a waɗannan watannin ne kuɗi ke zurarewa.

Mu fara da takardu, don su ne ke fara kayar da mutum. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ba ya shiga Girka ko Italiya ko Kuroshiya sai da bizar Shengen, kuma ko ya samu, dokar ba ta ba shi damar wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ba. Kuroshiya, wadda a da wasu ke fakewa a cikinta idan kwanakinsu sun ƙare, ta shiga yankin Shengen tun 1 ga Janairun 2023. Mallakar jirgi a ƙasa ba ta ba mutum izinin zama a cikinta. Idan aka hana ka biza a bana, tashar ba za ta rage maka ko kwabo daga kuɗin ajiya ba.

Shi ma jirgin yana da nasa wa'adin. A ƙa'idar kwastan ta Tarayyar Turai, jirgin da aka yi wa rajista a wajen Tarayyar, wanda mai shi ma ba mazaunin cikinta ba ne, zai iya zama wata 18 ba tare da biyan harajin VAT ba. Kafin wa'adin ya cika dole a fitar da shi, a kai shi Turkiyya ko Albaniya ko Tunisiya, a samu shaidar fita, sannan a dawo. Wanda ya yi sakaci za a iya neman harajin a kan darajar jirgin gaba ɗaya: kashi 24 cikin 100 a Girka, 25 a Kuroshiya, 22 a Italiya. Ɗan uwanmu da ke zaune a Jamus ko Faransa da takardar zama ya lura da kyau, wannan sassaucin bai shafe shi ba, domin a idon kwastan shi mazaunin Tarayyar ne, ko da fasfo ɗinsa na gida ne. Idan zai sayi jirgi, sai ya ga takardar da ta nuna an biya VAT a kansa da idonsa, kada ya yarda da "ai mai shi na farko ya biya". Ban da wannan, tun 2019 Girka ke karɓar wani haraji mai suna TEPAI daga duk jirgin shaƙatawa da ya haura mita 7 yana kan ruwanta.

Sai ɗawainiya. Jirgin ruwa kamar doki ne, ko ba a hau shi ba sai ya ci harawa. Ruwan gishiri ba ya hutu. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna mannewa a ƙasan jirgi, don haka kusan duk shekara sai an ɗaga shi da injin, an wanke, an sake shafa fenti mai hana su kamawa. Akwai guntayen tutiya da ake ɗaurawa kusa da farfela don gishiri ya cinye su maimakon ya ci ƙarfen jirgi. Idan suka ƙare ba a sauya ba, farfelar ce za ta biya. Batir yana mutuwa idan ya daɗe ba caji, kuma da zarar ya mutu famfon da ke fitar da ruwan da ya tsiyayo ciki ya tsaya. Jirage da yawa a tashar ajiyarsu suke nutsewa, saboda wani ɗan tiyo da ya tsage ba wanda ya gani. Fumfuna ta mamaye katifu, man dizal da ya kwana a tanki ya yi dauɗa ya toshe injin. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da dogon sandan tsakiya kuwa, kamfanonin inshora da dama suna so a sauya su bayan kimanin shekara 10. Masu harkar sukan ce mutum ya ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgin duk shekara don ajiya da gyara da inshora. Kuma duk wannan da yuro ko dala ake biya. Wanda kuɗin shigarsa naira ce ya tuna cewa kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, a 2024 ta haura 1,500.

Abin takaicin ma, hutun da aka sayi jirgin dominsa shi ke fara tafiya. Ka sauka daga jirgin sama da kwana 21 a hannu, makon farko ya ƙare wajen jiran makaniki da kayan gyara, kwanakin ƙarshe kuma wajen naɗe ƙyallayen iska da rufe jirgi.

Mutane da yawa suna zaɓar a fitar da jirgin daga ruwa a jingine shi a tudu, kamar yadda ake yi a manyan filayen ajiya na Preveza a yammacin Girka. Hakan ya fi arha kuma ya fi kwanciyar hankali, amma bai hana guguwa ba. A Satumban 2020 guguwar Ianos ta afka wa tsibiran Kefaloniya da Itaka da Zakintos ta nutsar da jirage. A yankin Karibiyan lamarin ya fi muni, inda lokacin guguwa ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. An daɗe ana ɗaukar Girenada a matsayin mafaka saboda tana kudu, sai guguwar Ivan ta 2004 ta kifar da jiragen da ke jere a tudu, sannan a 1 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta ragargaza tsibirinta na Kariyaku. Saboda haka a karanta takardar inshora layi-layi: a ina ta yarda a ajiye jirgin, a waɗanne watanni, a ruwa ko a tudu, kuma kwana nawa za a iya barinsa ba mai dubawa. Saɓa sharaɗi ɗaya ya isa a hana ka diyya.

Mai kula da jirgi ma a rubuta yarjejeniya da shi: sau nawa zai leƙa a wata, ya turo hotuna masu kwanan wata, kuma kada ya taɓa wani gyara sai ya aiko da farashi ka amince. Kafin saye kuma ka ɗauki naka ƙwararren mai bincike, ba wanda dillali ya kawo ba, a ɗaga jirgin a duba ƙasansa, a tabbatar babu bashin tasha ko na banki a kansa. Kada ka tura kafin alƙalami kan jirgin da hotonsa kawai ka gani.

Ni a ganina, wanda ba zai samu aƙalla wata uku a shekara yana kan ruwa ba, haya ta fi masa. A Lefkada da Marmaris da Split ana ba da hayar jirgi na mako guda, har da matuƙi ga wanda ba shi da lasisi. Ka yi hutunka, ka miƙa makulli, ka kama hanyar gida. Idan bayan shekara biyu ko uku kana haya har yanzu sha'awar tana nan, to ka nemi farashin ajiya na shekara a rubuce daga tashoshi uku, ka haɗa da inshora da tikiti da biza, ka raba da kwanakin da za ka yi a teku, sannan ka yanke shawara.