Katin Rangwamen Jirgin Ƙasa: Yaushe Yake Fansar Kansa?

Layin dogo bai taɓa isa Sakkwato ba. Reshen da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ne, ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, kuma gyaɗa da auduga aka fi yi dominsa, ba mutane ba. Da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, sai wannan ɗan guntun layi ma ya tafi tare da sabuwar jihar. Saboda haka ɗalibin da ya tashi a Boɗinga ko Shagari mota ya sani, da babur, da Keke Napep. Idan yana son hawa jirgin zamani, sai ya je Rigasa a Kaduna, inda jirgin Abuja yake tashi tun 2016.

Duk da haka, akwai wata tambaya da fasinjojin jirgin ƙasa a Turai suke yi wa kansu kowace shekara, wadda amsarta take da amfani ga wanda bai taɓa ganin tarago ba. Tambayar ita ce: shin sayen katin rangwame riba ne ko asara? Lissafin da ake yi kafin a amsa ta bai wuce wanda ake koyarwa a ajin farko na babbar sakandare ba, kuma shi ne dai lissafin da ke gaban manomin rani da ke shawarar sayen injin ban-ruwa.

Katin rangwame kati ne da mutum ke saye da kuɗi sau ɗaya, galibi don shekara guda, ya riƙa nuna shi duk sa'ad da zai yanki tikiti a rage masa wani kaso na kuɗin. A Birtaniya akwai wanda ake kira 16-25 Railcard, na matasa da ɗalibai, wanda asalinsa ya faro a 1974. Yana rage sulusin kuɗin tikiti. An daɗe ana sayar da shi fam 30, sannan a watan Maris na 2025 aka mai da shi fam 35. A Jamus kuwa kamfanin Deutsche Bahn yana da BahnCard tun 1992, wanda daga baya ya kasu uku: mai rage rubu'i, da mai rage rabi, da wanda mai shi ba ya sake biyan ko kwabo har shekara ta zagayo.

Me ya sa kamfani yake yarda ya rage?

Ba don alheri ba ne. Yawancin kuɗin da harkar jirgin ƙasa take ci ana kashe su ne tun kafin fasinja ko ɗaya ya shiga: shimfiɗa dogo da gyaransa, sayen kan jirgi da taragai, albashin direba da ma'aikatan tasha. Nauyin mutum ɗaya bai kai a ambata ba idan aka gwada shi da nauyin tarago, ga shi kuma ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta gogayya kamar tayar roba a kan kwalta. Don haka ƙarin fasinja ɗaya kusan ba ya ƙara wa kamfani wani kashe kuɗi. Amma kujerar da ta tafi babu kowa ta tafi ke nan, ba a adana ta sai gobe kamar buhun gero. Ta fi kama da tumatir a hannun ɗan gwari da yamma, wanda gara ya sayar da shi da rangwame da ya kwana ya ruɓe.

Wannan shi ya sa rangwamen yake zuwa da sharuɗɗa. Da safe, lokacin da ma'aikata suke rububin kujera, kamfani ba ya buƙatar ya lallashi kowa. Katin matasan Birtaniya yana da ƙa'idar cewa a ranakun aiki kafin ƙarfe 10 na safe akwai mafi ƙarancin kuɗin da za a biya, wanda rangwame ba ya sauka ƙasa da shi. Ɗalibin da gajeriyar tafiyar safe kawai yake yi zai iya riƙe katin shekara guda bai ga amfaninsa ba.

Lissafin

A kira kuɗin kati K, a kira kason rangwame r, a kuma kira jimillar kuɗin tikitin da mutum zai kashe a shekara idan ba shi da kati J. Wanda ba shi da kati zai biya J. Mai kati zai biya K, sannan ya biya abin da ya rage na J bayan an cire rangwame. Abin da kati ya ceto masa shi ne r sau J. Kati yana fansar kansa ne daidai lokacin da abin da ya ceto ya kai kuɗin da aka saye shi, wato r × J = K. Idan aka raba kowane gefe da r, sai a sami J = K ÷ r.

A gwada da katin Birtaniya. Fam 35 a raba da sulusi, daidai yake da fam 35 sau 3, wato fam 105. Matashin da tikitinsa na shekara bai wuce fam 60 ba, idan ya sayi kati zai biya 35 da 40, jimilla 75, ya yi asarar fam 15 yana murna an yi masa rangwame. Wanda nasa ya kai fam 300 kuwa zai biya 35 da 200, jimilla 235, ya tsira da fam 65. Kati ɗaya ne, farashi ɗaya, amma ga wannan tarko ne, ga wancan kuma garaɓasa.

Malamin lissafi zai iya zana wannan a allo da layuka biyu miƙaƙƙu. Layin marar kati yana tashi daga sifiri yana hawa da sauri. Layin mai kati yana tashi daga 35, amma hawansa a hankali ne. Inda suka gitta juna shi ne 105. Hagu da wannan magama marar kati ne a ƙasa, dama da ita kuma mai kati.

Lamarin ya fi armashi a Jamus, inda layukan suka zama uku. A 2024 ana sayar da BahnCard 25 na aji na biyu kimanin yuro 63, BahnCard 50 kuma yuro 244. Na farko yana fansar kansa a 63 sau 4, wato yuro 252. Na biyu a 244 sau 2, wato yuro 488. Mai gaggawa zai ce ke nan duk wanda tafiyarsa ta wuce 488 sai ya sayi babban kati. Kuskure ne. Ai ba da marar kati ya kamata a gwada shi ba, da ƙaramin kati za a gwada. Bambancin kuɗinsu yuro 181 ne, bambancin rangwamensu kuma rubu'i, saboda haka sai tafiyar mutum ta kai 181 sau 4, wato yuro 724, kafin babban ya fi ƙaramin. Wanda ke kashe yuro 600 zai biya 513 da ƙaramin kati, 544 da babba. Bugu da ƙari, rabin da babban kati yake ragewa a kan cikakken farashi ne kawai. Tikitin da aka riga aka karya farashinsa rubu'i ake rage masa. Kuma katin kan sabunta kansa idan shekara ta cika, sai fa idan mai shi ya sanar da kamfani a kan lokaci cewa ya fasa.

Wahalar ba a rabawa take ba

Kowa zai iya raba K da r. Abin da ke da wuya shi ne sanin J, domin J labarin gobe ne. Mutane kuwa sun saba kai wa kansu shaidar da ta wuce gaskiya. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun buga wani bincike a 2006 kan gidajen motsa jiki a Amurka. Sun gano cewa masu biyan kuɗin wata sama da dala 70 ba su cika wuce zuwa huɗu da ɗan abu a wata ba, wato kowane zuwa yana cin su fiye da dala 17, alhali akwai tikitin zuwa goma da ke kamawa dala 10 kowane zuwa. Niyyarsu suka auna, ba halinsu ba. Mafi aminci ga mai son sayen kati shi ne ya ƙidaya tafiye-tafiyen da ya yi bara da gaske, ba waɗanda yake fatan yi bana ba.

Akwai kuma tarko na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa. Mai kati yakan ƙirƙiri tafiyar da ba ta da dalili don kada kuɗin katinsa ya tafi a banza. Kuɗin kati kuwa ya riga ya fita, tafiya ba ta dawo da shi. Idan ya yanki tikitin fam 30 a kan fam 20 don ziyarar da da ma ba zai yi ba, bai ceci 10 ba, 20 ya kashe.

To, idan mutum bai san yawan tafiyar da ke gabansa ba sam, yaya zai yi? Wani masanin ilimin kwamfuta Bajamushe, Rudolf Fleischer, ya yi nazarin wannan matsala a 1998, har ta ci sunan BahnCard a tsakanin masana. Dabarar da ya tabbatar da ingancinta mai sauƙi ce: a ci gaba da biyan cikakken kuɗi ana tarawa, ranar da jimillar cikin shekara ta kai K ÷ r, sai a sayi kati. Mafi munin abin da zai faru shi ne mutum ya kashe yuro 488, ya sayi kati 244, daga nan kuma tafiya ta yanke. Ya kashe 732 ke nan, inda wanda ya san gobensa zai kashe 488. Wato ɗaya da rabi, kuma ba zai taɓa wuce haka ba. Wanda ya ƙi sayen kati har abada yana iya biyan kusan ninki biyu, wanda ya saya tun ranar farko kuma yana iya biyan 244 don tafiya ɗaya tak.

A dawo gida

Alal misali, a ɗauka wani ɗalibi yana zuwa makaranta cikin garin Sakkwato daga Boɗinga, yana biyan naira 1,000 zuwa da dawowa. Wani direba ya ce ya ba shi naira 16,000 a farkon wata ya riƙa ɗaukarsa kullum. Ranakun makaranta 20 a wata za su ci naira 20,000, don haka a ido yarjejeniyar ta yi kyau. Magamar tana kan kwana 16. Amma watan da hutun Salla ya faɗo a cikinsa, ko zazzaɓi ya kwantar da yaron, ranakun suka koma 13, to direba ne ya ci ribar naira 3,000. Ratar kwana huɗu kacal ce tsakanin riba da asara, kuma uba mai lura zai duba kalandar makaranta kafin ya miƙa kuɗi.

Haka manomin albasa a fadamun da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari. A ɗauka hayar injin ban-ruwa naira 5,000 ce a yini, sabo kuma naira 150,000, mai kuwa duk shi zai saya ko da haya ko da nasa. Kwana 30 na haya ya kai kuɗin inji. Idan ya tabbata zai yi noman rani shekaru a jere, saye ya fi. Idan gwaji yake yi, dabarar Fleischer ta ce ya yi haya har kuɗin hayar ya kai kuɗin inji, sannan ya saya. Komai lalacewar lamari ba zai biya fiye da ninki biyu ba. Sai dai inji ya fi kati ta fuska ɗaya, domin ana iya sayar da shi ko a ba da shi haya, kati kuwa ranar da wa'adinsa ya cika ya zama takarda.

Akwai abubuwa biyu da lissafin Turai bai cika kula da su ba, amma a Nijeriya tilas a sa su a ma'auni. Na farko tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tsalle a ko'ina. Wanda ya riga ya biya kuɗin wata a tsohon farashi ya ci riba, matuƙar direban ya cika alkawari. Na biyu yankewar zirga-zirgar kanta. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, jirgin bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekara. Da a ce akwai mai riƙe da katin shekara da ya saya a watan Janairu, da kusan kashi biyu cikin uku na wa'adinsa ya ƙare yana aljihu. Duk kuɗin da aka biya tun kafin a ci moriya bashi ne aka ba mai sayarwa, saboda haka ya kamata mai saye ya tambaya ko ana mayar da kuɗi idan aiki ya tsaya.

Ya kamata kuma a bambanta katin rangwame da rangwamen da ba a saye. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta mai da hawa jirgin ƙasa kyauta daga 21 ga Disamba 2023 zuwa farkon Janairun 2024, K sifiri ne, don haka babu magamar da za a nema. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 don ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zai kusanto da jirgi ga mutanen arewa maso yamma. Idan wata rana aka tallata kati a irin wannan layi, ɗan kasuwar da ke zuwa Kano kowane mako zai haye magama cikin watannin farko, ɗalibin da ke komawa gida sau uku a shekara kuwa da wuya ya kai ta, sai idan kuɗin katin bai wuce rangwamen tikiti shida ba.