Daga lissafi zuwa ƙididdigar lafiya

Ɗalibin da ya ƙare lisans ta lissafi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, in ya bi hanyar ƙididdigar lafiya, wato biyostatistik, yakan zaci lambobi kaɗai zai tarar. Lalle akwai su: mutum 10 cikin 100.000 a sati guda su ne iyakar shelar annobar sanƙarau. Amma mun lura kalma tana riga lamba zuwa. Uwa a Tasawa, in ta ce ɗanta na masassara, tana iya nufin kowane zafin jiki. Idan mai juya takardar tambaya ya sa masassara a gurbin « paludisme », yawan masu ciwon ya kumbura tun ɗalibin bai kunna kwamfuta ba.