Kalmomi Biyu a Gonar Aidan

A taron ƙungiyarmu na watan jiya an karanta Farawa 2:15, inda Allah ya sa Adamu a gonar Aidan, ya ba shi aiki biyu. Wani dattijo ya ce shi a saninsa noma la'ana ce. Muka nuna masa an ba da aikin nan a sura 2, tun zunubi bai shigo ba. Ƙaya da sarƙaƙiya sai a sura 3. Daga nan muka duba kalmomin a Ibrananci, harshen da aka fara rubuta Farawa da shi.

Kalma ta fari ita ce abad. Ma'anarta a yi aiki, a noma, a kuma bauta. Ita ce aka yi amfani da ita a Fitowa 3:12, inda Allah ya faɗa wa Musa za su yi masa sujada a kan dutse. Tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu ibada da sunan Abdu. Ashe mai riƙe da fartanya ran Litinin bai bar hidimar da ya yi ran Lahadi ba.

Ta biyu ita ce shamar, wato a tsare, a kiyaye. Zabura 121 ta maimaita ta a kan yadda Ubangiji yake kiyaye mu. Daga ita kuma kalmar da Kayinu ya yi amfani da ita a Farawa 4:9 ta fito, sa'ad da ya ƙi ɗaukar nauyin ɗan'uwansa Habila.

'Yan'uwa, abad kam muna yi. Shamar ce muka bari. Muna ƙone karan dawa, muna sare itatuwa, muna jan kunya bin gangare. Ruwan sama ya zo ya kwashe ƙasa mai kyau, ya bar mana tsakuwa. Ruwan da ya tsere daga gonar tudu kuwa shi ne yake haƙa kwazazzabo a gonar maƙwabci. Wa zai ce ba ruwansa da ɗan'uwansa?

Kafin damina, bari kowace ƙungiya ta yi waɗannan:

1. A ja kunya a gicciye da gangare, a jera duwatsu inda ruwa yake gudu.
2. A bar kara a gona, a kai takin dabbobi.
3. A bar gawo ya girma. Yakan zubar da ganye da damina, ba ya hana shuka rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.
4. Inda aka shuka dawa bara, a sa wake ko gyaɗa bana.

A Ibrananci mutum adam ne, ƙasa kuma adamah. Daga cikinta aka yi mu, daga cikinta 'ya'yanmu za su ci. A taro mai zuwa kowa ya zo da labarin abin da ya tsare a gonarsa.