Likitan Karkara da 'Yan Tramol a Tarka

A Tarka, cikin gundumar Belbeji da aka cire daga Tanut a 2011, ƙwaya ba ta gidan rawa ba ce irin ta Turai. Ta aiki ce. Saurayi kan jefa tramol a shayi da asuba don ya yini a gonar gero bai ji rana ba, ɗan cirani kuma ya koyo ta a ramukan zinariyar Jado da aka fara haƙa a 2014, ko a hanyar Libiya, ya dawo gida da ita. Ranar da jiki ya ƙi, mutum ɗaya ake nufa: ma'aikacin jinyar da ke riƙe da ɗakin shan magani, wanda kowa ke kira likita.

Da wuya a ce masa shaye-shaye ne. A amalanke ko bisa babur ake kawo yaro, ya faɗi yana shure-shure, dangi na cewa iska ce ko farfaɗiya. Nan gwaninta take. Likita zai duba ƙwayar ido, ya ƙirga numfashi, ya gwada zazzaɓin cizon sauro, ya lanƙwasa wuya ko sanƙarau ne, don yankin Damargu ya san wannan cuta. In yaro ya farfaɗo sai likita ya juya ga uban: "Baba, ɗan ba mu wuri." Ba ɗan da zai faɗi gaskiya a gaban mahaifinsa. Sai sun rage su biyu zai tambaya a hankali: "Samari, guda nawa a yini?"

Amsar ce ke tsara sauran aikin. Tramol na asibiti yawanci mai miligiram 50 ne, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Na kasuwa akwai mai 120, mai 225, har mai 250. Biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyaka, ga shi wanda ya yi nisa ba ya tsayawa a biyu. In aka yanke masa lokaci guda, sai ciwon gaɓoɓi, hamma, gumi, gudawa da rashin barci su taso, ya ruga wurin mai tallar magani kafin kwana uku. Shi ya sa likitan kirki ke ragewa kaɗan-kaɗan, yana sa yaro ya riƙa dawowa, yana kuma lallashin uwa kada a yi masa gori a gida. Da damina abin ya fi wuya, don gona ba ta jiran mai jinya. Wanda kansa ya taɓu sai a tura shi babban asibitin Damagaram, in akwai kuɗin mota.

Wasu iyayen sun fi yarda da mari da bulala. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa na hana tafiya kasuwa, amma ba ta cire ƙishirwar ƙwaya.

Babbar matsalar sana'ar yanzu ita ce ƙwaya ta fi karatun likita sauri. Da Indiya ta tsananta dokar tramol a 2018, sai aka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da wani haɗin tapentadol da carisoprodol, da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. Sai a watan Fabrairun 2025, bayan binciken BBC, Indiya ta hana yin sa. A Dakar akwai cibiyar CEPIAD da ke ba masu shaye-shaye maganin methadone tun wajen 2015. Amma likitan karkara ba shi da ko na'urar tantance abin da yaro ya haɗiya. Hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwayoyi na kama kaya, amma kamu ba jinya ba ne.

Don haka iyaye, in ɗanku ya faɗi, kada ku jefar da fankon da kuka tsinta a aljihunsa don gudun kunya. Ku kai wa likita tare da yaron, rubutun jikin fankon shi ne gwajin da likita yake da shi.