Zumuncin Bayan Sallah da Alƙalamin Edita

Duk wanda ya zauna a Darmanawa ya san cewa hidimar Ƙaramar Sallah ba ta ƙarewa da Hawan Nassarawa. Sai dawakai sun koma barga sannan tamu ke farawa: auren da aka ɗage saboda azumi, ta'aziyyar da aka ce sai bayan Sallah, ga yawon Sallar da har yanzu bai kai gidan gwaggo a Unguwa Uku ba. A Asabar ta biyu ta Shawwal katin ɗaurin aure uku na samu, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hotoro, dukkansu ƙarfe 11 na safe.

A daidai wannan lokaci ne nake juya shawarar barin aikin ofis in rungumi tace rubutu a matsayin sana'a, ga kuma rubutun wani littafi a kan teburina da na yi alkawarin mayarwa kafin ƙarshen wata. Nan na fara gane cewa babban abin da zai gwada ni ba ƙa'idojin rubutu ba ne, zumunci ne.

Aikin edita, mai karatu, zaman dirshan yake so. Raba "ya na" da "yana", ko mayar wa "baƙi" ƙugiyarsa kada ya koma "baki", ana iya yin su ko a cikin Adaidaita Sahu. Amma gano cewa yarinyar da aka aurar a babi na biyu ta sake zama budurwa a babi na tara ba tare da dalili ba, wannan sai wanda ya karanta littafin a jere, hankalinsa a tattare. Wanda yake tashi kowace sa'a don amsa waya ko ɗaura hula ba zai gani ba.

Magabatanmu a wannan fage albashi ne ya saya musu wannan natsuwa. Rupert East ya tace littattafan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, yana ma'aikacin hukuma a Zariya. Abubakar Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kamfanin NNPC kuma, da aka kafa a 1966, ya gaji wannan tsari na biyan masu tacewa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuci ya koma shi ne maɗaba'a, shi ne dillali, kuma kuɗin edita ne farkon abin da aka soke. Yau da labarai suka koma WhatsApp da Wattpad, abin sai ƙaruwa ya yi.

Wa ya cike gurbin? Ɗan'uwa da aboki. A wurin ɗaurin auren Gyaɗi-Gyaɗi, ana gama shafa fatiha, wani ƙanina ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka ɗan duba mini littafina, ai kai namu ne." A cikin wannan "ɗan duba" akwai aikin mako uku. Telan da ya ɗinka mana kayan Sallah shi ma namu ne, amma sai da ya karɓi kafin alƙalami. Abin da ya fi kuɗin ciwo ma shi ne gaskiya: yaya za ka gaya wa wanda za ku zauna a tabarma ɗaya ranar suna cewa rabin littafinsa zubarwa za a yi? Yawancinmu waƙafi kawai muke gyarawa mu ce madalla.

Ɗaurin aure biyu na halarta, na uku na aika da gudunmawa, kuma an yi mini ƙorafi. Daga sallar asuba zuwa hantsi yanzu wayata a kashe take. Ƙanin nawa kuwa na aika masa da farashi a kan kowane shafi, na rage masa kashi ɗaya cikin uku. Bai amsa ba tukuna, amma jiya mahaifiyarsa ta kira tawa.